Yadda ake jiƙa kayan lambu a ruwan binegar da sukari

Lokacin sanyi, sa'ad da kayan lambu suka yi araha a kasuwar Tahoua, shi ne lokacin wannan aiki.

Da farko a samu kilo 1 na karoti, kokombur, shu da albasa. Ta Galmi ta fi dacewa saboda kyan launinta. A wanke su, a yanka siriri, a barbaɗa gishiri cokali 2, a bar su awa 1 har ruwansu ya fito, sannan a ɗauraye a tsane.

Bayan haka a tafasa binegar rabin lita da ruwa rabin lita, tare da sukari giram 200, citta, masoro da kanumfari kaɗan, domin idan ya yi yawa yakan danne sauran ƙamshin. Kada a yi amfani da tukunyar sanholo, tsami yana cin ta.

A dafa kwalba da murfinta minti 10, a cusa kayan a ciki, a zuba ruwan da zafinsa har ya shanye kansu. Idan ta huce, a rufe a sa a firigo, a fara ci bayan kwana 2, a cinye cikin wata 1.