Rigar waya mai batir ko fawa banki: wanne sabon zuwa zai fara saya?

Yawancin waɗanda suka sauka a ƙasar waje sukan ɗauka maganar caji ta ƙare, tunda ga wuta nan a ɗaki dare da rana. Wutar kam tana nan, sai dai kai ba a ɗakin za ka wuni ba. A makonnin farko za ka fita tun safe neman ofishin rajista, banki, makaranta ko wurin aiki, ba za ka dawo ba sai duhu ya yi, kuma duk tsawon wunin nan wayarka ce jagorarka. Ita ke nuna maka hanya a taswira, ita ke fassara maka takardar da aka miƙo maka, tikitin jirgin ƙasa yana cikinta, banki ma ba ya sakin kuɗi sai ka amince ta manhajarsa. Taswira na cin batir, hasken fuskar waya na ci, neman sabis a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa ma na ci. Wayar da a da take kai ka dare, yanzu kafin la'asar ta fara nuna ja.

Mutuwar waya a irin wannan wuri ba ƙaramin abu ba ne. Ɗauki Landan. Idan ka ɗora wayarka a kan na'urar biyan kuɗi ta ƙofar tashar jirgi ka shiga, sannan ta mutu kafin ka isa inda za ka fita, ba ka da abin da za ka sake ɗorawa. Za a iya cire maka kuɗin tafiya mafi tsada, idan kuma mai duba tikiti ya tare ka a hanya, ba ka da shaidar ka biya. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, balle baƙon da wayarsa ta ɗauke a tashar da bai san sunan unguwarta ba.

Abu biyu ake sayarwa don maganin wannan. Akwai rigar waya mai batir a jikinta: ka zura wayar ciki, ka danna wani ɗan maɓalli a baya, ta fara caji ba tare da igiya ba. Akwai kuma fawa banki, batir mai zaman kansa da ake haɗawa da waya ta igiyar caji. Idan abu ɗaya za ka saya, ni dai fawa banki zan ce, mai ƙarfin 10,000 mAh (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke iya riƙewa). Rigar tana da nata mutanen, zan zo kansu, amma ba ita ce ta farawa ba.

Babban aibin rigar shi ne an ɗinka ta ne wa waya guda. Ramin kamara, wurin maɓallai, bakin caji, duk an auna su da samfuri ɗaya, ko ƙanwar wayar da ta fito bayanta da shekara guda ba lallai ta shiga ba. Sabon zuwa kuwa yana cikin waɗanda suka fi saurin canza waya. Wani, kamfanin layi ne zai ba shi sabuwa a biya wata-wata, wani kuma zai tarar tsohuwar ba ta kama sabis sosai a inda yake. Ranar da ka canza, rigar ta zama kayan ajiye a durowa. Ko bakin cajin ma ya sauya a 'yan shekarun nan. Apple ya koma USB-C daga iPhone 15 a 2023, Tarayyar Turai kuma ta wajabta wannan baki a kan sababbin wayoyin da ake sayarwa a ƙasashenta tun 28 ga Disamba 2024. Fawa banki bai damu da wannan ba, igiya kawai za ka canza. Zai caja wayarka, ya caja abin sauraro na kunne, ya caja ta matarka ko ta abokin tafiyarka da tasa ta mutu.

Na biyu, nauyi. Rigar tana maƙale da wayar ko kana bukatarta ko ba ka bukata, har ranar da kake zaune a gida kusa da soket. Na uku, zafi, wanda shi ne ba a cika faɗa wa mai saye ba. Batir yana ɗumi idan yana ba da caji, na waya ma yana ɗumi idan yana karɓa, ga su manne da juna cikin roba, babu inda iska za ta ratsa. Zafi kuwa shi ke tsufar da batirin litiyam da wuri. Apple da kansa ya ce an yi wayoyinsa ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Salsiyas, kuma ya ba da shawarar a cire wa waya riga lokacin caji idan tana sa ta zafi.

To su wa rigar ta dace da su? Wanda aikinsa na tsaye ne, ba jaka a kafaɗarsa, aljihu ɗaya gare shi: mai kula da tsofaffi a gidajensu, mai aikin sito, mai gadi. Irin wannan ba shi da sararin yawo da igiya tana lilo daga aljihu, kuma ba zai manta rigar a gida ba tunda tana jikin wayar. Idan kai ne wannan, kuma ka san za ka riƙe wayar nan shekara biyu ko fiye, saye ta ba asara ba ne. Mai kai saƙon abinci a keke kuma akasin haka ne. Taswirarsa a kunne take awa da awanni, riga ba za ta ishe shi ba, kuma kaurinta kan hana wayar zama a maƙalin da ke kan keken. Shi 20,000 mAh yake bukata a jaka, da doguwar igiya mai ƙwari.

Lambar da aka rubuta a jikin kwali tana yaudarar mutane da yawa. Mutum zai ga 10,000 mAh, ya duba wayarsa mai 5,000, ya ce sau biyu ke nan. Ba haka lissafin yake ba. An auna wannan lamba ce a kan ƙarfin ƙwayar batirin da ke ciki, wato kusan bolt 3.7, amma kafin wutar ta fita ta igiya sai an ɗaga ta zuwa bolt 5 ko sama, wayar kuma ta sake sauke ta daidai da nata batirin. A kowane mataki wani kaso na tafiya a zafi. Abin da ke isa wayar bai cika wuce kashi biyu cikin uku ba, don haka waya mai 5,000 za ta cika sau ɗaya, a sami ɗan ragowa. Wannan ya ishi yawancin mutane wuni guda, shi ya sa na tsaya a kan 10,000. Nauyinsa bai fi na wayar da kanta da yawa ba, yana shiga aljihun kwat. Na 20,000 ya kusa ninka shi nauyi, kuma abin da ya yi maka nauyi a ƙarshe gida za ka riƙa barinsa.

Bayan mAh sai ka dubi wat, wato ma'aunin da ke nuna saurin caji. Nemi wanda aka rubuta PD a jikinsa, wato alamar caji mai sauri, mai ba da wat 20 ko sama da haka ta bakin USB-C. Da irinsa, rabin awa a cikin bas zai iya kai wayar da ta kusa mutuwa kusan rabi. Mai wat 10 sai ka ga kana amfani da taswira lambar cajin wayar tana hawa a hankali. Sau da yawa ma laifin na igiya ne, mutum ya sayi fawa banki mai kyau ya haɗa shi da tsohuwar igiyar da ta kusa tsinkewa a wuya, ya dawo yana zagin kamfani.

Akwai na tsaka-tsaki, wato batir mai maganaɗisu da ke mannewa a bayan waya ya caja ta ba igiya. Apple ya kawo wannan tsari a wayoyinsa da sunan MagSafe a 2020, daga baya wani tsari makamancinsa mai suna Qi2 ya buɗe hanyar ga sauran kamfanoni. Yana da daɗin riƙewa, kana gamawa ka ɓamɓare shi ka jefa aljihu. Sai dai cajin da ba igiya ya fi ɓarnar wuta, ya fi kawo zafi, kuma sai wayarka tana da maganaɗisun ko rigar da ke da shi.

Idan ƙasar da ka je mai hunturu ce, sanyi zai ba ka mamaki. Waya na nuna kashi 30, ka ciro ta a tashar bas ka yi minti biyar kana duba hanya, sai ta ɗauke ɗif. Batirin bai lalace ba, sanyi ne ya daskarar da aikin da ke gudana a cikinsa, da ya ji ɗumi zai farfaɗo. Ka riƙa sa wayar da fawa bankin a aljihun ciki, kusa da jiki, ba a aljihun waje na jaka ba. Abin da ke lalata batir da gaske shi ne a caja shi alhali sanyinsa ya kai na ƙanƙara. Idan ka shigo daga waje wayar ta yi sanyi ƙarara, bar ta ta yi ɗumi tukuna kafin ka jona.

Sai maganar jirgin sama, wadda ta shafi rigar da fawa bankin baki ɗaya. Duka biyun batir ne na ajiya a idon hukumomin jiragen sama, don haka ba a sa su a akwatin da ake aunawa a tura ƙarƙashin jirgi. Jakar hannu kawai. Idan a bakin ƙofar shiga aka ce jirgi ya cika a karɓi jakar hannunka, tsaya ka ciro su kafin ka miƙa. Iyakar da aka yarda da ita ba tare da neman izini ba ita ce 100 Wh (Wh shi ne ma'aunin jimillar wutar da batir ke ɗauke da ita). Daga nan zuwa 160 Wh sai da amincewar kamfanin jirgin, abin da ya haura haka ba ya hawa jirgin fasinja. Lissafin mai sauƙi ne, ka ninka mAh da 3.7 ka raba da 1,000. Mai 10,000 ya zama 37 Wh, mai 20,000 ya zama 74, mai 27,000 ya tsaya dab da iyaka. Waɗannan manyan da ake tallatawa da 50,000 sun wuce gona da iri, a filin jirgi za ka bar su. Ka kuma kula kada rubutun jikinsa ya goge, domin akwai filayen da jami'ai ke ƙwace duk wanda ba a iya karanta ƙarfinsa.

Dokokin sun ƙara tsanani tun bayan gobarar da ta cinye wani jirgin Air Busan a filin Gimhae na Koriya ta Kudu a Janairun 2025, wadda aka danganta da fawa banki a ma'ajiyar kaya ta saman kujeru. Singapore Airlines ya hana amfani da shi a cikin jirgi daga Afrilun 2025, Emirates ya bi sahu a Oktoba, ya kuma taƙaita guda ɗaya ga kowane fasinja. A China, tun ƙarshen Yunin 2025, ba a shiga jirgin cikin gida da wanda ba shi da tambarin CCC, wato shaidar ingancin kaya ta hukumomin China. Ɗaliban da za su can su lura da wannan, don wanda ka taho da shi daga wata ƙasa ba lallai yana da tambarin ba. Kafin kowace tafiya ka buɗe shafin kamfanin jirgin ka karanta nasu sharaɗin, kuma ka cika wayarka kafin ka hau.

Wajen saye, araha ba ta ado. Ƙaramin abu mara nauyi da aka rubuta wa lamba mai ban tsoro, ba sunan kamfani ba adireshi, ƙarya ce a cikin roba, wani lokacin ma haɗari. Saya a wurin da za su ba ka rasit, ka ajiye shi. Ko manyan kamfanoni sukan janye kaya: a Yunin 2025 kamfanin Anker ya janye fiye da miliyan ɗaya na wani samfurin PowerCore 10000 a Amurka saboda haɗarin kama wuta. Saboda haka ka san lambar samfurin naka, ka riƙa dubawa lokaci-lokaci.

Duk ranar da ka ga ya kumbura, ko yana zafin da hannu ba ya jurewa, ko yana wani wari, daina amfani da shi nan take, kada ka kwana da shi a jone kusa da gado. Kada kuma ka jefa shi a kwandon sharar gida. Motocin shara suna matse kaya, batirin litiyam da aka matse kuwa yana tashi da wuta, shi ya sa ƙasashe da yawa suka haramta hakan. Manna salatif a bakinsa, ka kai shi cibiyar karɓar tsofaffin kayan lantarki ta ƙaramar hukumar da kake. Wanda bai kumbura ba, tsufa kawai ya yi, shagunan kayan lantarki da yawa suna karɓarsa kyauta.