Gas, murhun lantarki da na'urar ɗumame: shawara ga sababbin zuwa Arewacin Kamaru

Wanda ya taso a gidan da ake girki da itace a tsakar gida ya san wuta da idonsa. Yana ganin harshenta, yana jin hayaƙinta, iska kuma na kaɗawa ta ko'ina. In kuka sauka a Garwa ko Marwa ko Ngaundare kuka kama haya, galibi abin da za ku samu shi ne ciki da falo da ɗan kicin mai taga ɗaya, wani lokacin ma a lungun falo za a ajiye murhun. A irin wannan wuri haɗarin ba ya nuna kansa sai ya riga ya faru, shi ya sa nake so mu yi maganar tun kafin ku ɗora tukunyar farko.

A Najeriya an saba mutum ya ɗauki tukunyar gas ɗinsa ya je a zuba masa kilo biyu ko uku gwargwadon aljihunsa. A Kamaru ba haka tsarin yake ba. Za ku kai wadda ta ƙare a ba ku cikakkiya, kuma ta kamfani ɗaya, don mai sayar da ta Tradex ba lallai ya karɓi ta Camgaz ko SCTM ba. Wadda ta fi yawa a gidaje ita ce mai kilo 12.5. Kafin ku biya ku duba hatimin da ke bakinta, in an taɓa shi ku ce a canza. Idan gas ya yi wuya a gari za ku ji ana cewa akwai mai juye shi daga wata tukunya zuwa wata a bayan shago. Don Allah kada ku je. Ba ku san nawa aka cusa ba, tukunyar da aka cika fiye da ƙima kuma ba ta da wurin da gas zai buɗa in zafi ya taso, ga shi a Garwa cikin watan Maris da Afrilu zafi na wuce digiri 40.

Kan da ake ɗaura wa tukunya, wanda 'yan kasuwa nan ke ce wa detandar, shi ma ba iri ɗaya ba ne. Wani murɗa shi ake yi, wani dannawa. In wanda kuka zo da shi daga gida bai zauna daidai ba, ku sayi na nan. Na sha ganin an naɗe bakin da leda ko tsinken roba wai don ya kama, kuma hankalina ba ya kwanciya da wannan ko kaɗan. Tiyon roba kuwa yana tsufa. Mai kyau za ku ga an buga shekarar ƙarewarsa a jikinsa. Ku lanƙwasa shi a hannu ku duba: in kun ga ƙananan tsaga kamar faso, ya gama aiki. Duk sanda aka kawo sabuwar tukunya, a kaɗa ruwan sabulu ya yi kumfa, a shafa a bakin tukunya da duk inda tiyo ya haɗu da ƙarfe, sannan a buɗe. Inda kumfa ta fara kumbura tana fashewa, nan ne yake zuba. Ba a gwada wannan da ashana.

Gas ɗin girki ba shi da wari a asalinsa, da gangan ake sa masa wannan warin don hanci ya kama. Ya kuma fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama, ƙasa yake bi ya kwanta. Ku tuna da wannan a lokacin zafi, sanda ake shimfiɗa wa yara tabarma a ƙasa kusa da ƙofar kicin. Idan kuka shigo kuka ji wari, kada hannu ya kai ga makunnin fitila, ko kunnawa ko kashewa, haka fanka, domin ɗan tartsatsin da ke cikin makunnin ya isa. A rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa, waya ma sai an fita waje a kira.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙon a bari. Gas ya kusa ƙarewa, tuwo bai nuna ba, sai a kwantar da tukunyar ko a girgiza ta ko a tsoma gindinta a ruwan zafi. Abin da ke ciki ruwa ne, in aka kwantar da ita ruwan ne zai bi tiyo ya fito, wutar ta yi tsalle ta wuce tukunyar miya. A tsaye take zama, a inuwa, nesa da murhun gawayi. Wajen kunnawa a fara ƙyasta ashana sannan a murɗa. In an gama kuma a rufe daga kan tukunya, ba daga murhu kaɗai ba, musamman da dare.

'Yan uwana mata, mayafi da hijabi da hannun riga mai faɗi su ne abin da wuta ke fara kamawa, yadin roba kuma narkewa yake yi ya manne a fata. A ɗaura ɗankwali a tattare hannun riga. Mai goyo ta lura da ƙafar yaro in ta juya. Mariƙin kasko a juya shi ciki. In mai ya kama wuta ana suyar ƙosai ko kifin Binuwai, a kashe gas, a zura murfi a rufe kaskon, a bar shi ya huce a wurin. Ruwa a kan mai mai ci watsa wutar yake yi har rufin ɗaki, ɗaukar kaskon a fita da shi kuwa shi ke ƙona hannu da fuska.

Sai lantarki. Ƙarfin wutar nan 220 ne, kayanku na gida za su yi aiki, amma soket ɗin irin na Faransa ne mai rami biyu zagaye, filogin Najeriya mai ƙafa uku ba ya shiga. Kada a yanke filogi a cusa tsirarar waya. A samu mai gyaran wuta ya sa filogin da ya dace. Murhun lantarki da na'urar ɗumama abinci suna jan wuta sosai, kowanne na iya wuce wat 1,000, don haka a bango kai tsaye ake jona su, ba a kan 'yar wayar jone mai arha da firiji da cajar waya ke kai ba. Ku taɓa filogin bayan an yi aiki, in ya yi zafi akwai matsala. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ɗaukewar wuta. Ana girki aka ɗauke, aka koma kan gas ko gawayi, aka manta murhun a kunne da tsumma ko roba a kansa, wuta ta dawo tsakar dare kowa na barci. Da zarar an ɗauke, a zare filogi nan take. Gawayin kuma a waje ake hura shi, ko da sanyin Disamba ne a Ngaundare, don iskar da yake fitarwa a rufaffen ɗaki tana kashe mutum cikin barci ba tare da wani wari ba.

Na'urar ɗumame, wato maikurowef, ba ta shiri da ƙarfe. Kwanon silba, samira, cokali, takardar alminiyon da aka naɗo nama, har farantin tangaran mai zanen ruwan zinare a baki irin na kayan ɗakin amarya, duk tartsatsi za su yi. Gilashi ko tangaran mara ado shi ne daidai. Tuwon da aka ƙulla a leda a kwance shi a juye a faranti, a yayyafa ruwa, a rufe ba gam ba. Ƙwai da ɓawonsa fashewa yake yi. Ruwan shayi na iya wuce tafasa ba tare da ya motsa ba, sai an sa cokali ko sukari ya yi ambaliya a hannu, don haka a ɗan jira kafin a ɗauko. Ɗumamarta ba ta zuwa daidai: gefe na ƙuna, tsakiya da sanyi. Miya da shinkafar jiya a juya su a sake mayarwa har su yi zafi ko'ina. Madarar jariri kuwa ni dai ba na ba da shawarar a sa ta ciki, kwalbar na iya zama ɗumi a hannu alhali wani sashe na ƙona baki. In ta lalace kada maigida ya kwance bayanta da kansa, akwai abin da ke riƙe wuta mai kisa a ciki ko an zare ta daga bango.

In ƙuna ta faru, Allah Ya kiyaye, a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti 20, ba ƙanƙara ba, a cire zobe da awarwaro kafin kumburi. Ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja ko gishiri. Ƙunar fuska, ta yaro, ko wadda ta fi tafin hannu faɗi, asibiti za a nufa. Lambar 'yan kwana-kwana a Kamaru 118 ce, kuma da Faransanci za a fi amsa muku. Tun yau ku tambayi maƙwabci sunan unguwarku da fitaccen wurin da ake kwatance da shi, masallaci ne ko mararraba ko kantin magani, ku rubuta tare da lambar ku manna a ƙofar kicin, ku kuma san wanda zai yi muku magana a waya in Faransancinku bai kai ba.