Yadda Nake Rubuta Duk Abin da Ya Shiga Bakina

Ranar da gwajin sugana ya nuna 160, alhali ko karyawa ban yi ba, likita ya tambaye ni me nake ci. Na ce, "Wallahi likita, ni ba mai ci ba ne." Bai ja da ni ba. Cewa ya yi in rubuta duk abin da na ci har sati biyu, in kawo masa.

Ka samu ɗan littafin da zai shiga aljihun gaban riga. Babba a gida za ka manta shi, kuma abin da ka bari sai dare ka tuno, rabinsa son rai ne. Kowace rana da shafinta: lokaci, abin da ka ci, da yawansa.

Yawan nan shi ne aikin. Wa ke da sikeli a gida? Auna da abin da idonka ya saba: malmalar tuwo nawa, ludayin koko nawa, ƙosai guda nawa. Mu a Kantin Kwari mu biyar muke haɗuwa a tire ɗaya, to ta yaya zan san rabona? Na gwada ƙirga loma, yaran shago suka yi ta ƙunshe dariya. Daga baya na koma ɗiban nawa a kwano daban. Maƙwabcina ya ce, "Alhaji, an zama Bature ke nan?" Na ce a bar ni da Turancina.

Kada ka tsallake abin sha, don nan asirina ya tonu. Shayi sau uku, kowane kofi cokali uku na sukari, ban da madarar gwangwani. Ga lemon da ake sayo wa baƙo, a miƙo maka naka. Kwalbar Coca-Cola mai 35cl na ɗauke da sukari wajen giram 37, kusan cokalin shayi tara, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya haura kimanin giram 50 a yini. Zoɓo da fura ma ka tambayi ko an zuba sukari. Gyaɗar da ka ɗan taɓa da dabino ukun bayan La'asar, duk su shiga littafi.

Idan da hawan jini, tambayi uwargida dunƙulen magi nawa ta sa a miya. Gishirin yini bai kamata ya kai giram 5 ba, wato cokalin shayi ɗaya.

Mai na'urar gwaji a gida ya rubuta lambar safe kafin karyawa, da ta awa biyu bayan cin abinci. Da haka na gane tuwon shinkafa ya fi ɗaga mini suga a kan faten wake.

Satin farko ka ci yadda ka saba, kada ka yi wa littafi kwalliya, kuma kada ka taɓa maganinka sai da izinin likita. Da na kai nawa, jan biro ya ɗauka ya zagaye "shayi" sau 41.