Yadda Ake Haɗa Baƙin Ƙarfe da Sitenlas ba Tare da Walda ta Tsage ba

Idan waldar baƙin ƙarfe da sitenlas (ƙarfen da ba ya saurin tsatsa) ta karye, akasari laifin daga sandar waldar yake. Wuta tana narkar da gefen ƙarafan biyu, su gauraya da sandar, har kusan kashi 30 cikin 100 na waldar ya zama daga jikinsu ya fito. Baƙin ƙarfe kuwa ba shi da kuromiyam da nikel (sinadaran da ke cikin sitenlas) na kirki, sai ya tsarma abin da sandar ta zo da shi. In aka yi aiki da sandar E6013 ta waldar baƙin ƙarfe, ko ma 308L da ake haɗa sitenlas da sitenlas, waldar na iya yin tauri marar lanƙwasa, wanda ake kira matensayit. Ido zai ga aiki ya yi kyau, amma da an ɗora nauyi sai ta ɓalle farat ɗaya.

Saboda haka a nemi sandar 309L. Tana da kuromiyam kimanin kashi 23 da nikel kashi 13, ko an tsarma su akwai sauran da zai riƙe.

A goge bakin haɗin da buroshin da bai taɓa baƙin ƙarfe ba, a cire maiƙo da fenti. Idan ƙarfen mai rufin tutiya ne, a kankare ta tas, domin narkakkiyar tutiya tana kutsawa cikin sitenlas ta tsaga shi. Sanda mai kaurin milimita 2.5 ba ta buƙatar fiye da amfiya 60 zuwa 80. A ja siraran layuka, kada a yi ta lilo da hannu, kuma a bari zafi ya sauka ƙasa da digiri 150 na ma'aunin Salsiyos kafin layi na gaba. Wutar kan karkata wajen baƙin ƙarfe saboda maganaɗisu, don haka a riƙe ta gajeriya.

Wurin da zai riƙa yin zafi yana hucewa, lamarin ya sha bamban. Mita ɗaya ta sitenlas tana ƙara tsawon milimita 1.7 a kowane digiri 100, baƙin ƙarfe kuwa 1.2 kacal, sai su yi ta ja-in-ja a kan layin haɗin. Idan zafin ya kai wajen digiri 400, kabon ma yana ƙaura daga baƙin ƙarfe zuwa cikin waldar, ya bar siririn wuri mai rauni a gefenta, kuma nan tsagar ke bi. A irin wannan aiki 309L ba ta isa ba, sai sandar nikel kamar ENiCrFe-3.

Kafin ainihin aikin, a haɗa guntaye biyu, a yanko tsiri, a lanƙwasa shi digiri 180, a duba gefen baƙin ƙarfen da kyau.