Masu shiga daji da mota, ku ji wanga

Jama'a gardamar nan ta sifirin ɗin Hilux da na Prado (ƙarafan da ke rage jijjigar mota) ta isa haka. Na Hilux falle-falle ne a baya, don kaya aka yi shi, in ba lodi sai ta riƙa tsalle kamar jaki, ɗora mata buhu biyu ka ji ta lafa. Ni dai shawarata, in za ka shiga rairayin wajen Gada ko Tangaza a jihar Sakkwato, ka rage iskar taya tun kana bakin hanya kuma ka sa fowil, wato giyar da ke jan taya huɗu, kafin ka kafe ba bayan ka kafe ba. Amma da ka hau kwalta cire fowil ɗin malam, Hilux ba ta son haka, giya ce za ta ci kuɗinka wajen bakanike. Kuma ka tuna da famfon iska don maida wa taya iskar da ka rage.