Neman gidan haya a Kaduna: fara da waya, ƙarasa da ƙafa

Injinan binciken intanet na farko suna da wani rauni da ya kamata mai neman gida ya sani. Lycos ya fito a 1994, AltaVista a ƙarshen 1995, kuma sun fi dogara da abin da shafi ya faɗa game da kansa. Masu wayo suka gano lagon. Sai mutum ya yi ta maimaita kalma ɗaya a shafinsa, wani lokaci da farin rubutu a kan farin shafi yadda ido ba zai gani ba, ya haye sama. Da Google ya zo a 1998 sai ya ƙaro wani ma'auni: shafuka nawa ne ke nuni zuwa wannan shafin, kuma yaya nauyinsu yake? Tallar gida a Facebook ko WhatsApp shafin zamanin AltaVista ce. "Ruwa da wuta ba yankewa, unguwa shiru." Mai kaya ne ke yabon kayansa. Shaidar da za ka riƙe ta maƙwabta ce.

Duk da haka waya tana rage wahala, kuma dabaru biyu na wancan zamanin har yau suna aiki a Google. Ka sa sunan layi ko unguwa cikin alamar zance, kamar "Kigo Road", ka ƙara kalmar ambaliya, da Hausa da kuma Turanci, tunda yawancin rahotanni da Turanci suke. In tallar filaye ta cika maka fuska, sa alamar ɗebewa a jikin kalmar da ba ka so, za ta ɓace. Hoton gidan kuma ka jefa shi a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet. In ya bayyana a tallar Legas ko Abuja, zance ya ƙare. Sannan ka buɗe hoton tauraron ɗan'adam a Google Maps ka ga tazarar gidan da kogin Kaduna ko wani rafi.

Kafin ka zaɓi unguwa, yi lissafin hanya. Kogin ya raba gari biyu. Mai aiki a Kakuri ko Barnawa da ya kama gida a Kawo ko Mando, kullum sai ya ratsa gari sau biyu. Kuɗin mota ko Keke Napep na zuwa da dawowa, ninka shi sau 22 na ranakun aiki a wata, ka sake ninkawa sau 12 na watannin shekara, ka ɗora kan kuɗin haya. Sau da yawa gidan araha a nan yake tashi daga araha. Mai yawan zuwa Abuja kuma ya auna nisansa da tashar jirgin ƙasa ta Rigasa.

Gidan da ya kwanta maka, ka je sau uku: da safe, bayan isha'i, da kuma bayan an ɗauke ruwan sama. Agusta da Satumba ne ke tona asirin gida, lokacin da kogi ke cika. In da rani kake nema, bango zai ba ka labari. Duba ƙasansa daga waje: layin datti a kwance, fenti mai kumbura yana ɓarewa, ko sabon fenti da ya tsaya iya gwiwa. Ɗaga kai ka duba silin, taswirar ruwan ƙasa a jikinsa kwano ne ke yoyo. Tsaya a bakin ƙofa ka ga ko tsakar gida ta fi titi ƙasa, don ruwa ba ya hawa tudu. Leƙa lambatu, ka tambaya yaushe aka kwashe masai, kuma taku nawa ne tsakaninsa da rijiya. In sun yi kusa, ruwan nan ba na sha ba ne.

Maganar ruwa kar ka tambayi dillali. Ƙirga 'yan garuwa da ke turo kura a layin da sassafe. In sun yi yawa, famfo ado ne. Tambayi kuɗin jarka a watan Maris da Afrilu, lokacin da rijiyoyi ke ja baya.

Wuta kuwa tun 2020 an kasa ta rukuni biyar. Alƙawarin rukunin A awa 20 ne a rana, B 16, C 12, D 8, E 4, kuma kuɗin A ya fi tsada nesa tun Afrilun 2024. Wannan a takarda ke nan. Mai shago da ke da firji a bakin layi shi ya san gaskiya: "Malam, don Allah awa nawa kuke samun wuta, kuma yaushe rabon taransifoma da lalacewa?" Karɓi lambar mita ka je ofishin Kaduna Electric a duba ko akwai bashi, domin bashin wanda ya tashi yana bin mitar, a riƙa zaftare maka duk sanda ka sayi kati. Mita ɗaya ga 'yan haya biyar kuwa rigima ce ka saya.

Ka kai wa mai unguwa gaisuwa. Shi ya san asalin mai gidan, da ko gidan gado ne da magada ba su daidaita ba, da abin da ake biyan 'yan sintiri a wata.

La'adar dillali galibi kashi 10 cikin 100 ce, a yanke ta tun kafin ya buɗe maka ƙofa. Kuɗin haya kar ya shiga hannun kowa sai mai gida ko wakilin da ya nuna maka ido da ido. A rubuta yarjejeniya da shaidu biyu: ranar shiga, ranar ƙarewa, wa zai gyara kwano da famfo, wata nawa za a ba ka in an buƙaci gida. Ka ɗauki hoton kowane ɗaki da lambar da ke kan mita ranar da ka karɓi makulli. In saye za ka yi, je KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar, a bincika takardar filin, ka kuma nemi ganin izinin gini na KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, kafin ka ba da ko kafin alƙalami.