Yadda Ake Haɗa Jerin Lambobin Likitocin Fata Don Tallata Musu Kaya

Duk mai sayar da man shafawa ko maganin fata ya san bambancin mai saye da ya shigo kanti yana juya kwali da wanda ya shigo da takardar likita a hannu. Na farkon zai taya, ya ja ciniki, wataƙila ya fita bai saya ba. Na biyun sunan da aka rubuta masa yake nema, ko nawa ne kuwa. Shi ya sa masu rarraba kaya suke son sunan kayansu ya shiga kunnen likitan fata.

Sai dai likitocin fata a Najeriya ba su da yawa, kuma akasarinsu sun san juna. Jarrabawar ƙwarewa iri ɗaya suka zauna, ko ta kwalejin likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, ƙungiya ɗaya kuma ta haɗa su. In ka ɓata da ɗaya, kafin mako ya zagayo sauran sun ji. Don haka jerin da za ka haɗa gajere ne, kuma da hannunka za ka gina shi.

Mataki na farko: duba kayanka kafin ka nemi lambar kowa

Likitan fata a Kano ko Zariya yana wuni da masu kirci, kyasbi, makero, ƙazuwa da ƙurajen fuska, ga kuma matan da man bilicin ya ƙona wa fuska. Waɗannan na ƙarshen su suka sa ya zama mai zargin kowane kwalin mai. Abin da zai fara dubawa shi ne lambar NAFDAC, sannan jerin sinadaran da ke ciki. Idan man naka yana da sinadarin bilicin na hydroquinone fiye da kashi 2 cikin 100, ko sinadarin mercury, ko an ɓoye clobetasol, wani maganin fata mai ƙarfi, a ciki ba a rubuta ba, kada ma ka ɓata kuɗin mota. In kuwa na'ura kake sayarwa ko manhajar ajiye bayanan marasa lafiya, ka tanadi amsar tambaya ɗaya: in ta lalace, wa zai gyara, kuma daga wane gari zai zo?

Mataki na biyu: tattara sunayen

Fara da manyan asibitocin koyarwa, don nan ƙwararrun suka fi taruwa: na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, na Jos, na Maiduguri, na Barau Dikko a Kaduna, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. A yawancinsu ɓangaren fata yana ƙarƙashin sashen cututtukan cikin jiki ne, can za ka tambaya. Akwai kuma cibiyar horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta da ke Saye a Zariya, wadda 'yan kasuwa kan manta da ita. Sannan ƙungiyar likitocin fata ta Najeriya tana taron shekara-shekara, inda kamfanoni kan kama teburi su baje kaya. Kwana biyu a wurin ya fi maka wata uku kana bin asibitoci.

Kada ka tsaya kan manyan likitoci kaɗai. Ƙananan likitocin da ke horon ƙwarewa su ne ke rubuta magani da yawa a ranar ganin marasa lafiya, kuma nan da 'yan shekaru su ne manyan. Ka sa mai kula da famasin asibitin cikin jerin, ka sa nas ɗin da ke tsara layi. Ita ce za ta faɗa maka ranar da ake ganin masu ciwon fata da lokacin da likita yake samun sararin shan ruwa.

Za ka ga shafuka a intanet suna tallar dubban adireshin imel na likitocin fata. Na taɓa saye, kuma har yau ina jin zafin kuɗin. Rabin adireshin sun mutu, saura na likitocin Amurka da Indiya ne waɗanda ba ruwansu da kayana, 'yan Najeriyar da ke ciki kuwa wasu sun daɗe da komawa Ingila ko Saudiyya. Ɗayan da ya amsa, tambayata ya yi inda na samo adireshinsa. Ba ni da amsar ba shi.

Mataki na uku: abin da za ka rubuta a gaban kowane suna

Excel ya isa, ko littafi mai layi in ka fi sabawa da shi. Suna da muƙami, asibiti da gari, ranar aikinsa, hanyar da ya fi so a tuntuɓe shi, abin da ya fi maida hankali a kai, inda ka samu lambarsa, ranar da ya amince ka riƙa turo masa saƙo, da abin da kuka tattauna na ƙarshe. Wurin abin da ya fi maida hankali a kai shi ne zai raba maka jerin. Mai kula da zabiya man kariya daga rana yake nema, mai ganin yara sabulu marar zafi da man kirci, mai asibitin kansa a Abuja kuwa zai saurari maganar na'ura.

Mataki na huɗu: neman izini

Wannan ba ladabi ba ne kawai, doka ce. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni 2023, tare da ƙa'idojin aiwatar da ita, ta wajabta samun amincewar mutum kafin a yi amfani da bayanansa don tura masa talla kai tsaye, ta kuma ba shi damar janyewa duk lokacin da ya so. Akwai hukuma a Abuja da ake kai wa ƙorafi, tarar kuma miliyoyin naira ce. Neman izinin ba wuya. Bayan kun gaisa ka ce, "Ranka ya daɗe likita, ko zan iya riƙa turo maka bayanin kayanmu ta WhatsApp sau ɗaya a wata? Duk ranar da ka ce a daina, an daina." In ya ce to, rubuta ranar. In wani likita ne ya ba ka lambar abokin aikinsa, ka roƙe shi ya fara sanar da shi.

Mataki na biyar: saƙon kansa

Gajere. Wane ne kai, mene ne kayan, sinadarin da ke aiki da ƙarfinsa, lambar NAFDAC, farashi, da kantin maganin da majiyyaci zai samu a garin. Wannan na ƙarshe shi ake yawan mantawa, alhali likita ba zai rubuta abin da za a wuni ana nema a Sabon Gari ba a samu ba. Ka guji kalmomi irin su "yana warkar da komai". Hotunan fuskokin mutane kafin da bayan shafawa kuma kada ka tura sai da izinin masu su.

Jerin watsa saƙo na WhatsApp yana ɗaukar mutum 256, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka. To ka tabbata ya ajiye tun kuna tare. Kada ka kuskura ka zuba likitoci cikin guruf ba su nema ba, domin ka tona lambobinsu ga juna da ga baƙi ke nan.

Lokaci ma yana da nasa tasirin. Man da ke hana bushewar fata da faso a fara maganarsa tun Oktoba, kafin hunturu ya kama. Man kariya daga rana kuwa a kai shi kafin zafin Maris da Afrilu, ko gab da 13 ga Yuni, ranar zabiya ta duniya, lokacin da asibitoci da ƙungiyoyi ke shirya duba fata.

Mataki na shida: ziyara da tsaftace jerin

Saƙo buɗe ƙofa kawai yake yi, sai ka je da ƙafarka. Ka je ƙarshen layi, ba tsakiyarsa ba, da samfuri kaɗan da takarda shafi ɗaya. Minti biyar ya isa. Kada ka yi masa tayin kaso a kan kowace takardar da ya rubuta. Ƙa'idar aikinsu ta hana, kuma likitan kirki daga ranar ya gama da kai.

Bayan mako uku ka koma ka tambayi yadda marasa lafiya suka ji da samfurin, ka rubuta abin da ya faɗa ko da suka ne. Duk wata shida ka bi jerin suna bayan suna: wanda ya canja asibiti ka gyara, wanda ya bar ƙasar ka cire, wanda ya ce a daina ka goge lambarsa a ranar, ka kuma sanar da yaran shagonka kada wani ya sake tura masa.